Wane tsuntsu ne wannan mai jan ido da ya yi sheƙa a shingen lambuna?

Mai Rake, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san tsuntsayen daji, musamman manoman fadama da maharba, don maganar ta fara zama gardama a gidana.

Ina da ɗan lambu a bakin Kogin Galma, wajen Dakace, gadon mahaifina. Rake ne a gefen da ruwa ke kwanciya, sai 'yan gindin ayaba, sai gwaiba huɗu da marigayin ya dasa da hannunsa. Ta gabas, inda muka yi iyaka da maƙwabcina, akwai shingen da ba wanda ya dasa shi. Sarƙaƙiya ce ta haɗu da geza da gamba, yaɗo ya lulluɓe su, ko akuya ba ta ratsawa. Tun bara waccan nake cewa zan sare shi in sami kunya biyar ko shida ta barkono, Allah bai nufa ba.

Tun saukar damina nake ganin wasu tsuntsaye biyu a wannan shinge. A ido kowanne ya ɗan fi hasbiya, amma jela ce ta ƙara masa tsawo, don ta kai rabin jikinsa, faffaɗa, baƙa, in rana ta haska ta sai ka ga tana sheƙi kore-kore. Kansa baƙi wuluk har ƙeya, kamar wanda ya ja hula ta sauko masa kan kunci. Gadon baya da fukafukai ja ne irin na sabon kasko. Daga maƙogwaro zuwa ciki fari ne mai ɗan duhu, irin na madarar shanu. Bakin baƙi ne, kakkaura, da ɗan lanƙwasa. Idon kuwa ja zur, kamar garwashi. Ranar da muka fara haɗa ido da shi ina tsugune ina cire ciyawa, bai fi taku huɗu tsakaninmu ba, sai da gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ya son tashi. A ƙasa yake yawo, yana saɗaɗawa cikin ciyawa kamar muzuru, jelar na jan ƙasa. In ka matsa masa sai ya kaɗa fiffike sau uku ko huɗu, ya yi lilo kaɗan, ya faɗa cikin geza kamar an jefa tsumma. Da sassafe in raɓa ta jiƙa shi yakan hau can ƙololuwar shingen, ya baje fukafukai da jela yana shan hantsi, ya daɗe a haka. Kukansa kuma ban san mai irinsa ba. Kamar ka kifa gora cike da ruwa yana ɓulɓulowa, ɓul-ɓul-ɓul-ɓul, ya fara daga sama ya yi ta gangarowa. In ɗaya ya fara sai ɗayan ya karɓa kafin ya dire. Sun fi yi da asuba, da kuma in hadari ya taso.

Ranar Asabar ɗana mai shekara 11 ya gano sheƙarsu a tsakiyar sarƙaƙiyar, daidai ƙirjina. Ba irin buɗaɗɗiyar sheƙar kurciya ba ce. Dunƙule take kamar ƙwallo, ta kai girman tulu ƙarami, da busasshiyar ciyawa da ganye, ƙofarta a gefe. A ciki an shimfiɗa ɗanyen ganye. Akwai 'ya'ya uku, fatarsu baƙa, da wani farin gashi tsaitsaye kamar ƙayar bushiya. Yaron ya zura hannu kafin in hana shi, sai ɗaya ya yi huci ya zubo masa wani baƙin ruwa mai ɗoyi. Sabulu sau uku, har Magariba hannun na wari.

To ga inda gardamar take. Uwargida tana kiwon kaji a ɗan ɗakin da ke bakin lambun. Kaza ta ƙyanƙyashe tara, cikin mako ɗaya sun koma biyar. Ta ce ba wani ba ne, mai jan idon nan ne, don ta taɓa ganinsa da ƙadangare a baki. Yaran unguwa sun ji labari, sun fara zuwa da danƙo. Ni kuma zuciyata ba ta ba ni shi ne ba, amma ba ni da hujjar da zan kare shi.

Mene ne sunansa? Yana cin 'yan tsaki? Kuma in sare shingen yanzu in huta, ko in jira?

Tsohon Maharbi, Haɗeja

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun kafin ka kai kan kukan na gane shi. Ragon maza ke nan. Ba rago na layya ba, rago na ragwanci, saboda wannan nauyin jiki da ka gani in an ce ya tashi. Mu nan fadamar Haɗeja da Nguru ba bakin ruwan da za ka je ba ka ji shi ba, ko a cikin kacalla, ko gindin kaba, ko gefen gonar shinkafa.

Shekarata sama da arba'in ina shiga daji, ban taɓa ɓata harsashi a kansa ba. Maharbin da ya dawo gida da ragon maza a burgami dariya za a yi masa, don tsuntsu ne da in ruwan sama ya jiƙa shi yaro ma yana iya bin sa da gudu ya gajiyar da shi. Amma kar sunan ya ruɗe ka. A cikin ciyawa ba rago ba ne. Na taɓa zama a gindin giginya ina dakon agwagin ruwa, na ga ya kama ɗan maciji da bai kai kamu ba, ya yi ta maka kansa da ƙasa har ya daina motsi, sannan ya haɗiye shi ta kai. Fara, kwaɗi, kulɓa, 'yan ɓeraye, duk yana ci. Manomin da ya san ciwon kansa ba ya korarsa.

Batun shinge, kar ka sa adda yanzu. Ana tsakiyar marka, 'ya'ya na ciki. Abin da ka haƙura da shi shekara biyu ba zai gagare ka wata ɗaya ba. Ka kuma ja kunnen yaran nan masu danƙo. Alhakin tsuntsu mai 'ya'ya ba ƙarami ba ne.

Ɗalibar Tsuntsaye, Jos

Baba ya riga ya faɗi sunan, kuma kwatancen Malam bai bar shakka ba. Ina karatu a kan tsuntsaye, mukan fita ƙidaya da asuba a dajin Amurum da ke Laminga da gonakin kewaye, kuma wannan yana cikin waɗanda kunne ke fara kamawa kafin ido. Bari in ƙara abin da na sani, don akwai abin da ya sa nake ƙaunar tsuntsun nan.

A littattafan kimiyya sunansa Centropus senegalensis. Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara ba shi sunan kimiyya a 1766, ya jingina shi ga Senegal. Kalmar farkon daga Girkanci take, ma'anarta ƙafa mai tsinke. Malam, in ya hau shan hantsi gobe ka dubi ƙafarsa da kyau. Yatsu biyu na kallon gaba, biyu na kallon baya, ba uku da ɗaya irin na kaza ba. A ɗaya daga na bayan akwai dogon farce miƙaƙƙe, shi ne tsinken. Tsawon tsuntsun daga baki zuwa ƙarshen jela kimanin santimita 39 ne, kuma mace da namiji tufarsu ɗaya, sai dai macen ta ɗan fi girma. Matashin da bai rika ba ba shi da baƙar hular nan mai sheƙi. Kansa ruwan ƙasa ne da zane-zane, bayansa da ratsi-ratsi, idon ma bai yi ja ba tukuna. Nan da 'yan makonni za ka gan su a haka, kar ka ɗauka wani tsuntsu ne dabam.

Mazauninsa daga Senegal da Gambiya ne, ya ratso Mali, Nijar, Gana, Najeriya, Kamaru, Cadi, har Sudan da Habasha. Akwai wasu can kudu wajen Zambiya, Zimbabuwe da arewacin Botsuwana, akwai kuma na Masar a gonakin bakin Kogin Nilu. Ba ya shiga tsakiyar kurmi mai duhu, ba ya zama a fili fetal. Abin da yake nema shi ne irin shingenka: doguwar ciyawa, sarƙaƙiya, rake, gefen fadama, wurin da zai ɓuya ya yi farauta a ƙasa. Shi ya sa har cikin gari ake samunsa in akwai lambu mai duhuwa. Ba ya ƙaura irin ta shamuwa, inda yake da damina nan yake da rani muddin ba a ƙone masa wurin ba. A kudu wajen gaɓar teku akwai masu launi dabam, baƙin ya sauko har ƙirji, cikin kuma ja, amma jinsi ɗaya ne.

Danginsa su ne waɗanda Turawa ke kira kuku, sunan da suka ciro daga kukan na ƙasarsu. Dangi ne babba, jinsi kusan 150 a duniya, kuma an san su da hali guda: uwa ta lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar wani tsuntsu, ta yi tafiyarta, mai sheƙa ya yi kwanci ya yi reno. Amma waɗanda ke yin haka ba su kai rabin dangin ba. Reshen su ragon maza, jinsi kusan 30 a Afirka da Asiya har Ostareliya, da kansu suke gina sheƙa, su yi kwanci, su ciyar. Kuma a wannan reshe namiji ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar. Shi ke yawan zama kan ƙwai, shi ke yawan jigilar abinci. Na taɓa zama awa biyu gaban wata sheƙa ina ƙirga zuwa da komowa, na tashi ina jin sunan nan bai yi masa adalci ba ko kaɗan. Akwai ma ɗan'uwansa baƙi mai jan fiffike da ke bayyana a jiƙaƙƙiyar ciyawa da damina, wanda aka daɗe ana nazarinsa a filayen Usangu na Tanzaniya. A wurinsa macen ce ke kare yanki da kuka, tana da maza fiye da ɗaya, ta saka wa wannan ƙwai ta wuce wurin wancan, namijin shi kaɗai zai yi kwanci ya rena.

Ƙwan naku fari ne fat ba ɗigo, yawanci biyu zuwa huɗu. Kwanci bai cika kwana 20 ba. Suna fara kwanci tun kafin a gama saka ƙwan, don haka in ka lura 'ya'yan uku ba girmansu ɗaya ba. Ɗanyen ganyen da ka gani a ciki sabuntawa suke yi. Farin gashin nan mai kama da ƙaya zai zube in gashin gaske ya fito. Baƙin ruwan da ya ɓata hannun yaronka kuwa makaminsu ne. Sheƙa ce kusa da ƙasa, tunku da guza da maciji da muzuru duk suna iya kai mata, ɗan da ba ya tashi ba shi da abin kare kai sai huci da ɗoyi.

Ga abin da ya shafi addarka. 'Ya'yan sukan bar sheƙa suna da kwana 18 zuwa 20, tun ba su iya tashi ba. Sai su watsu cikin shingen suna rarrafe, iyayen na bin su da abinci. Wato ranar da ka leƙa ka ga sheƙa ba kowa, ba ranar sara ba ce, a lokacin ne ma suka fi buƙatar duhuwar. Ka ƙara musu kamar mako uku bayan nan.

Batun 'yan tsaki ba zan wanke shi tas ba, don gaskiya yana cin ƙwai da 'ya'yan ƙananan tsuntsaye in ya tarar da sheƙarsu. Amma da rana yake farauta, kuma a cikin duhuwa, ba mai kutsawa akurki ba ne. Malam ka tambayi Hajiya: da wane lokaci suke ɓacewa? In ta ƙirga da Magariba sun cika, da safe ta tarar babu ɗaya, a nemi ɓarawo a wani wuri.

Uwar Kaji, Maraɗi

Sannu da ƙoƙari 'yata, Allah ya ƙara basira. Tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar. Shekara 20 ina kiwon kaji da zabi, kowane ɓarawo da sawunsa. Shirwa da shaho da rana tsaka suke sura, za ka ji uwar ta yi ƙara, sauran sun ruga ƙarƙashin rumbu. Hankaka yakan sauka ya yi ta taku kamar ba ruwansa, sai ya ga uwar ta juya baya. Muzuru da dare yake zuwa, yakan bar gashi da ɗan fiffike. Gafiya rami take yi ta ƙasan bango ta ja ɗan tsako ciki, ba ka ganin komai sai sabuwar ƙasa. Maciji in ya haɗiya wani lokaci ma kasa fita yake yi.

Malam, ka ce wa uwargida ta share gaban ɗakin kajin da yamma, ta barbaɗa toka mai laushi kewaye da shi. Da safe kafin kowa ya taka ku je ku karanta. Ni haka nake yi, toka ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Kuma ta riƙa kife su da kwando mai nauyi da dare har su yi wata ɗaya.

Ni kuma ga tawa tambayar. Da kika ce akwai masu saka ƙwai a sheƙar wani, sai na tuna kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka. Tun muna yara ake ce mana hankaka ba ya ƙyanƙyashe nasa, na kaza yake sata ya rena ya zama hankaka. Shi ma cikin dangin nan yake?

Ɗalibar Tsuntsaye, Jos

Mama, wannan tambaya ta faranta mini rai. Hankaka ba ya cikinsu. Yana gina sheƙarsa ta ƙirare a kan doguwar bishiya, ko giginya, ko ƙarfen sabis na waya, ya saka ƙwansa masu launin kore-kore da ɗige-ɗige, ya ƙyanƙyashe abinsa. Ƙwan kaza da ɗan tsakon da yake ɗauka ci yake yi. Amma waɗanda suka yi masa kirarin sun ga wani abu na gaske, domin ana tarar da ɗan wani a sheƙar hankaka. Sai dai ba shi ya sato ba, kawo masa aka yi.

Mai kawowar ɗan'uwan ragon maza ne, sunansa na kimiyya Clamator glandarius. Tsawonsu kusan ɗaya, amma shi siriri ne, yana da tukku ruwan toka, bayansa duhu da fararen ɗige-ɗige kamar na zabo, cikinsa fari, maƙogwaro ɗan rawaya-rawaya, doguwar jela mai farin baki. A kan bishiya yake zama, yana da surutu, kuma yana cin gizaka, tsutsar nan mai gashi da yawancin tsuntsaye ke ƙi. Shi ba ya gina sheƙa sam. Macen takan faki idon hankaka ta saka nata cikin nasa, wani lokaci namijin ne ke jan hankalin masu gida su bi shi, ita kuma ta shige. Ƙwanta yana riga na hankaka ƙyanƙyashewa da kwanaki, don haka ɗanta ya riga su buɗe baki, ya riga su girma. Ba ya turo 'yan gida ƙasa kamar yadda kukun Turai ke yi, tare suke tashi, sai dai yakan fi su samun abinci. Wasu masana biyu, Mundy da Cook, sun bi sheƙunan hankaka a Arewacin Najeriya, sun wallafa abin da suka gani game da wannan zama a 1977.

Ɗan wannan mai tukkun ma yana da baƙin ruwan nan mai ɗoyi. A 2014 wasu masu bincike a arewacin Sifaniya suka ba da rahoton cewa sheƙar hankakan can da ke da wannan baƙo takan fi tsira daga maɓarnata saboda warin. Wani binciken da aka yi a kudancin ƙasar a 2017 bai sami haka ba, don haka ana nan ana tattaunawa.

Akwai kuma wani ƙarami, bai fi tafin hannu da yatsu ba, bayansa kore mai walƙiya kamar an goge tagulla, shi ma ja ne idonsa. Da damina yake zuwa mana, sheƙar kabare yake nema. Duk inda kabare suka yi gari a kan bishiya, ki saurara, za ki ji wani siririn kuka di-di-di-dirik yana kewaya su.

Manomin Shinkafa, Kura

Ku yi haƙuri, ni ban bi ku duka ba. Malama, karatunki na da daɗin ji, amma ke ba ki da yaro ɗan shekara 11 da ke zura hannu a sarƙaƙiya a watan Agusta. Irin wannan shinge gidan kububuwa ne da gamsheƙa. Yau ɗan tsuntsu ya zubo masa ɗoyi, gobe ba a san me zai tarar ba. Ɓeraye ma can suke kwana su fito su ci rake. Ni na share duk iyakar gonata shekara uku ke nan, kuma ban yi nadama ba. Mutum da gadonsa, kunya shida ta barkono kuɗi ne a wannan zamani. Ba na cewa a kashe tsuntsun, amma a gaya wa Malam gaskiya, shinge yana da nasa sharri.

Tsohon Maharbi, Haɗeja

Maganar maciji gaskiya ce, ɗana, ba a musu. A hana yaro zura hannu, ko da tsuntsu ko babu. Amma wanda ya shiga sarƙaƙiya da adda a cikin marka, ciyawa ta kai wuya, shi ya fi kowa kusa da sara. Ko don kansa ya bari kaka ta yi, ƙasa ta bushe, ya ga inda yake sa ƙafa. Kuma ka tambayi kanka, tun da ka share iyakarka, wa ke cin farar da ke sauka a shinkafarka?

Mai Rake, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana huɗu ne don in zo da abin da idona ya gani.

Hajiya ta Maraɗi, mun yi aikin toka. Da na tambayi uwargida tambayar Malama, ita da bakinta ta ce ai da safe take tarar da su sun ragu, ba ta taɓa rasa ko ɗaya da rana ba. Daren farko ba mu ga komai ba sai sawun kajin. Dare na biyu sai ga sawu ƙanana masu yatsu, da layin jela a tsakiya, sun fito daga bayan tsohuwar randa da ke jingine da bango. Da muka ɗaga randar, rami ne ya ratsa ƙasan ginin har cikin ɗakin. Gafiya ce. Na toshe da dutse da siminti, na ɗana tarko, an kife 'yan tsakin da kwando. Biyar ɗin suna nan har yau. Uwargida ba ta ce komai ba, amma jiya da na dawo na tarar ita ce ke korar masu danƙo daga bakin shingen, har ta ƙwace ɗaya ta ce sai uban yaron ya zo.

Malama, na duba ƙafar. Na ɗauki tabarma bayan sallar Asuba na zauna gindin gwaiba ban motsa ba. Da rana ta ɓullo ya hau gezar, ya baje, kuma ga yatsun nan biyu gaba biyu baya kamar yadda kika ce, har dogon farcen na hango da ya gyara tsayuwa. Daga nan na ƙirga. Tsakanin ƙarfe bakwai da takwas an kai abinci sheƙar sau tara. Fara ce ta fi yawa, manya, irin masu cin ganyen rakena. Sau ɗaya kwaɗo, sau ɗaya wani abu mai jela da ban tantance ba. Ba ya tashi kai tsaye zuwa sheƙar. Nesa kaɗan yake sauka, ya shige ciyawa, sai dai ka ga ganye na motsi har ya isa. Ɗayan, wadda na ɗauka macen ce don ta fi kauri, sau biyu kawai na ga ta kai.

Ɗan'uwa na Kura, maganarka ta shige ni, don a kan ɗana ka yi ta. Na kafa masa doka, kuma na saya masa takalmin roba mai tsawo. Na share hanya mai faɗin taku biyu tsakanin shingen da raken, don mai wucewa ya ga gabansa. Sauran na bar shi sai bayan an yi kaka. Ko a lokacin ma na yi magana da maƙwabcina, rabin kudu zan sare inda ƙasar ta fi kyau, kunya uku ta ishe ni. Rabin arewa da ke gangarawa bakin ruwa, inda sheƙar take, zai zauna yadda yake, kuma mun yi alkawari ba mai sa masa wuta da rani.

Na tuna wani abu da nake zaune a wurin. Muna yara in mun kwana a lambun lokacin yankan rake, wannan kuka ne ke tashinmu, mahaifina ya ce ku tashi, mai gora ya fara zuba ruwa. Ban taɓa tambayarsa wane ne mai gorar ba, na ɗauka wani kwaɗo ne. Sai a makon nan na haɗa kukan da mai shi.

Yau da safe na leƙa daga nesa, ban taɓa ba. Babba a cikin 'ya'yan ya fara fitar da jan gashi a fiffike, farin ƙayar ya ragu a kansa, yana zaune a bakin ƙofar yana kallona. Malama, in sun fita zan ƙirga mako ukun daga ranar, kuma in na sami hoton matashin mai ratsi-ratsin zan sa muku a nan.